Jan Ƙafa Huɗu a Kan Ƙanƙara: Iyakar Abin da A-kori-kura Ke Iyawa

A-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ita ce motar da aka fi dogaro da ita lokacin hunturu a arewacin Amurka da Kanada, inda dusar ƙanƙara kan zauna a ƙasa wata huɗu ko biyar a shekara. Makiyaya a Montana, ma'aikatan rijiyoyin mai a Alberta, masu share harabar kasuwanni a Minnesota tun kafin gari ya waye, duk da ita suke neman abinci. Tun ƙarshen yaƙin duniya na biyu, lokacin da kamfanin Dodge ya fito da Power Wagon, Willys kuma ya biyo da tasa a 1947, irin wannan mota ta zama kayan aikin karkara. Ford bai fara ƙera tasa mai jan ƙafa huɗu a masana'antarsa ba sai 1959. Yau kuwa akasarin waɗanda ake sayarwa a yankunan sanyi da wannan tsari suke zuwa. Amma duk da tsawon wannan sabo, har yanzu ana yi wa tsarin mummunar fahimta, kuma fahimtar tana cin rayuka: jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi ta tafi, amma ba ya ƙara mata komai a wajen taka birki, abin da yake ƙarawa a kwana kuma bai taka kara ya karya ba.

A tafiyar yau da kullum, ƙafafun baya ne kawai ke tura a-kori-kura. Ƙarfin inji yana bi ta giyabos, ya shiga farfela, ya isa aksul na baya. A mota mai jan ƙafa huɗu, akwai wani akwati a bayan giyabos wanda ke raba ƙarfin, ya aika wani kaso ta farfela ta biyu zuwa aksul na gaba. Direba na sarrafa shi da sanda a tsofaffin motoci, ko da maɓalli a sababbi, kuma alamomin da ke jiki kusan iri ɗaya ne ko'ina: 2H, 4H da 4L, wasu kuma da ƙarin 4A. A 2H, baya ne kaɗai ke ja. A 4H, akwatin yana ɗaure farfelar gaba da ta baya wuri guda, dole su juya da gudu ɗaya. A 4L ma ɗaurin nan ne, sai dai an ƙara wata giya mai rage gudu da ninka ƙarfi, yawanci ninki biyu da rabi zuwa kusan uku.

A wannan ɗauri amfanin yake, a cikinsa kuma matsalar take. Idan mota na shan kwana, ƙafafun gaba suna zagaya da'ira mafi faɗi fiye da na baya, saboda haka dole su fi su yawan juyi. Tsakanin hagu da dama, akwai wani tsarin haƙora a tsakiyar kowane aksul da ke ba kowace ƙafa damar juyawa da nata gudun. Tsakanin gaba da baya kuwa, a tsarin da yawancin a-kori-kura ke da shi, babu irin wannan sassauci. A kan dusar ƙanƙara ko laka, taya takan ɗan zame ta sauke bambancin ba tare da direba ya ji ba. A kan busasshiyar kwalta, taya ta kama ƙasa gam, babu inda bambancin zai fita, sai ya taru a cikin ƙarafa. Alamarsa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa mantawa da mota a 4H ya shiga wurin ajiye motoci: sitiyari ya yi tauri, motar ta riƙa tirjewa tana tsalle-tsalle, tayoyin gaba suna ƙara suna gurzar ƙasa, wani lokacin ma sandar ta ƙi fita sai an yi ribas kaɗan. Idan aka mai da wannan al'ada, sarƙar cikin akwatin takan saki, gaɓoɓin farfela su ci, tayoyi su suɗe kafin lokacinsu.

Daga nan tambayar da ta fi damun direbobi ke tasowa: yaushe ake sawa, yaushe ake cirewa? Idan hanya ta yi fari fat da dusa, ko ta daskare, babu gardama, 4H ne. Idan ta bushe baƙi ƙirin, 2H ne. Wahalar tana tsakani, kuma yawancin kwanakin hunturu a tsakanin suke: motar shara ta wuce, an watsa gishiri, kilomita biyu kwalta ce tsirara, sai inuwar bishiyoyi inda ƙanƙara ba ta narke ba, sai fili inda iska ta kwaso dusa ta zuba a kan hanya. Wasu direbobi, don tausayin ƙarafa, sukan zauna a 2H har sai bayan motar ya fara wutsiya. Wannan tattali ne da bai biya ba. A miƙaƙƙiyar hanya mai sassauƙar kwana, bambancin juyi tsakanin gaba da baya kaɗan ne, kuma damshi da ɓurɓushin ƙanƙara sun isa su sauke shi. Abin da ke lahani shi ne karya sitiyari sosai a kan busasshen wuri. Saboda haka hanya mafi hankali ita ce a bar mota a 4H muddin santsi na zuwa yana tafiya, a koma 2H da zarar kwalta ta bushe na dogon zango ko za a shiga gidan mai. Gyaran akwatin raba ƙarfi yana da tsada, amma bai kai tsadar faɗawa rami ba.

Sauyawa tsakanin 2H da 4H a motocin zamani ba ya buƙatar tsayawa. Kamfanoni sukan ƙayyade gudun da ba za a wuce ba yayin sauyawa, galibi kusan kilomita 90 zuwa 100 a awa, kuma littafin kowace mota ne ke da magana ta ƙarshe. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne kada a sauya alhali tayoyin baya suna wulwulawa a banza. A lokacin farfelar baya na gudu, ta gaba kuma tana tsaye, haɗa su da ƙarfi yakan fasa haƙora. A ɗaga ƙafa daga totur, a miƙe sitiyari, sannan a sauya, a jira fitilar da ke kan allo ta daina ƙiftawa. Tsofaffin motoci da wasu manyan Ford suna da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba wanda ake murɗawa da hannu. Masu irin waɗannan sukan kulle shi tun farkon hunturu su bar shi haka, don kada sai sun kafe cikin dare sannan su fito suna lalube a sanyi.

Tsarin 4A an ƙirƙiro shi ne domin waccan hanya mai rabi da rabi. Maimakon ɗauri, akwai faifayen kuloci a cikin akwatin waɗanda kwamfuta ke matsawa ko sassautawa, tana tura ƙarfi gaba gwargwadon yadda ta ji baya na zamewa. Ana iya tafiya da shi a kan busasshiyar kwalta ba tare da lahani ba, kuma ga mai shi, shi ne zaɓin da ya fi dacewa a yawancin kwanakin sanyi. Iyakarsa ita ce a dusa mai zurfi, inda faifayen ke aiki ba hutu har su yi zafi. A can 4H ya fi. Shi kuwa 4L ba na kan titi ba ne. Ana shigarsa ne mota na tsaye ko tana rarrafe, giya na firi, kuma amfaninsa a hunturu kaɗan ne: jan tirela daga cikin dusa, tura tulin da ya yi nauyi, ko saukowa gangara mai tsanani a hankali. A kan sulɓin ƙanƙara ninkin ƙarfin nan illa ne, domin taɓa totur kaɗan ya isa ya sa tayoyi su kuɓuce.

Duk abin da mota ke yi, tashi ne, tsayawa ce ko juyawa, ta wurare huɗu yake bi, inda roba ta taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yatsu ba. Masana suna auna kamun da ke tsakanin taya da hanya da wani adadi: a busasshiyar kwalta kusan 0.7 zuwa 0.8, a dusar da motoci suka danne kusan 0.2 zuwa 0.3, a kan ƙanƙara tsantsa kuma 0.1 ko ƙasa da haka. Ma'anar wannan a aikace ita ce motar da ke gudun kilomita 50 a awa, daga lokacin da birki ya kama, tana tsayawa cikin kimanin mita 14 a kwalta, mita 50 a dannanniyar dusa, mita 100 a ƙanƙara. Idan gudun ya ninka, nisan sai ya ninka sau huɗu. Babu inda jan ƙafa huɗu ya shigo cikin wannan lissafi, domin kowace mota, har ƙaramar tasi, birki huɗu gare ta. Abin da 4H ya yi shi ne raba aikin tashi ga tayoyi huɗu maimakon biyu, wato ya kusan ninka ƙarfin tashi ya bar ƙarfin tsayawa yadda yake.

Haɗarin da ke nan ya wuce na lissafi. Mota mai jan baya kaɗai tana faɗa wa direbanta gaskiya tun daga ƙofar gida: ya taka totur, tayoyi suka wulwula, ya san yau akwai santsi, ya shiga taitayinsa. Mota mai jan ƙafa huɗu ta ɓoye wannan labari. Ta tashi lafiya lau, ta kai gudun da aka saba, kuma direba bai san halin da hanya ke ciki ba sai lokacin da fitilar motar gabansa ta yi ja. Shi ya sa 'yan sandan manyan hanyoyi da masu janwe a jihohin sanyi suke yawan nanata cewa manyan motoci masu jan ƙafa huɗu ba sa wuyar gani a cikin rami bayan saukar dusa ta farko. Ƙwararrun direbobi suna da dabarar da ke maido wannan labari: a miƙaƙƙen wuri, ba kowa a baya, cikin ƙaramin gudu, a ɗan danna birki a ji yadda tayoyi suka amsa. Ga kuma nauyi da tsayi. A-kori-kura babba takan haura tan biyu, cibiyar nauyinta tana sama, kuma idan ta zame a kaikaice ta bugi tudun dusa ko gefen hanya, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa.

Wuraren da suka fi yaudara su ne gadoji da hanyoyin sama, domin iska mai sanyi na bi ta ƙarƙashinsu, sai su daskare kafin sauran titi. Ƙanƙarar da ke kansu sau da yawa siririya ce garai-garai, ana hango baƙin kwalta ta cikinta, ido ya ɗauka jiƙa ce kawai. A ranar 11 ga Fabrairu 2021, a wani ɓangare na babbar hanyar I-35W da ke bisa gada a Fort Worth ta jihar Texas, motoci kusan 130 suka yi karo da juna da asuba bayan yayyafi ya daskare, mutum shida suka rasu. Ƙanƙara kuma ta fi santsi ne a dab da awon sifili, lokacin da ruwa ke kwance a samanta, ba a tsananin sanyi ba. Gishirin da ake watsawa yana rage ƙarfi sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, saboda haka ganin motar gishiri ta wuce ba tabbaci ba ne.

Abin da ke canza lissafin tsayawa shi ne taya. Robar tayar da aka yi don kowane yanayi takan fara tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa ta hunturu an haɗa ta ne don ta zauna da laushi, an kuma tsattsaga kowane haƙorinta da ƙananan yanka masu yawa da ke buɗewa su ciji ƙanƙara. Tun 1999 ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada suka amince da wata alama, dutse mai ƙololuwa uku da hoton ƙwayar dusa a ciki, wadda ake bugawa a jikin tayar da ta ci gwajin ja a kan dusa. Haruffan M+S da ake gani a tayoyi da yawa ba su kai wannan ba, domin siffar zane kawai suke nunawa. Tayoyin laka masu manyan haƙora, waɗanda masu a-kori-kura ke so don kwarjini, suna haƙa dusa mai zurfi da kyau amma suna daga cikin mafi muni a kan ƙanƙara: roba mai tauri, yanka kaɗan. Lardin Kebek na Kanada ya wajabta tayoyin hunturu tun 2008, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma bai keɓe masu jan ƙafa huɗu ba. Wannan hukunci daidai ne. Ƙaramar mota mai tayoyin hunturu ta fi a-kori-kura mai tayoyin bazara tsayawa da shan kwana, kuma waɗannan biyun su ne ke raba tsira da haɗari.

Tayoyin dole su kasance huɗu, iri ɗaya, girma ɗaya, cinsu kusa da juna, domin a 4H bambancin girma ma yana jawo irin tirjiyar da kwana ke jawowa. Iska kuma tana raguwa da kanta, kimanin awo ɗaya ga kowane digiri biyar ko shida da sanyi ya ƙaru, don haka ana dubawa da safe kafin a tashi. Direban da ya koyi Hilux a rairayin Agadas ya san a rage wa taya iska don ta shimfiɗu. Dabarar tana aiki a dusa mai zurfi a daji cikin ƙaramin gudu, amma a kan titi ba a yin ta. A tsaunuka akwai batun sarƙar da ake ɗaura wa taya. Jihar Kalifoniya na da matakai uku na dokar ɗaura ta a hanyoyi irin mashigin Donner: a mataki na biyu ana ƙyale mai jan ƙafa huɗu da tayoyin dusa ya wuce ba tare da ɗaurawa ba, da sharaɗin sarƙar na cikin mota, a na uku kuwa kowa sai ya ɗaura. Yawanci a ƙafafun baya ake sa ta, kuma wanda bai gwada ɗaurawa a gida da rana ba zai sha wahala a bakin hanya da daskararrun yatsu.

A-kori-kura tana da wani rauni nata na kanta. Inji da direba suna gaba, bodi kuma wayam, saboda haka kusan kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na nauyin yana kan ƙafafun gaba, ƙafafun da ke turawa kuwa suna da sauƙi. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne buhunan yashi, waɗanda shagunan kayan gini ke jibgewa a ƙofa da zarar sanyi ya kama, dogaye, kowanne kimanin kilo 30. Ana jera huɗu zuwa shida daidai kan aksul na baya ko ɗan gaba da shi kaɗan. Idan aka sa su can ƙarshen bodi, suna ɗage gaba, suna kuma ƙara wa baya ƙarfin lilo idan ya fara zamewa. Dole a ɗaure su, domin buhun da ya jiƙe ya daskare dutse ne, kuma a karo zai iya fasa gilashin baya ya shigo. Bulo da guntayen ƙarfe sun fi haɗari. Yashin na da amfani na biyu: idan an kafe, a farke buhu a watsa gaban taya.

Sunan jan ƙafa huɗu ma yana da ɗan ƙari. Tsarin haƙoran da ke tsakiyar aksul yana sakin juyi ga ƙafar da ta fi samun sauƙi, saboda haka idan gefe ɗaya na motar na kan ƙanƙara, ƙafa ɗaya a gaba da ɗaya a baya za su wulwula, sauran biyun na tsaye. Motocin zamani suna magance wannan da taka wa mai wulwulawar birki, wasu kuma suna da makullin da ke ɗaure ƙafafun baya biyu. Makullin yana fitar da mota daga kafewa, amma a kan hanya mai santsi da ta karkata, idan ƙafafun biyu suka kuɓuce tare, babu wadda ke riƙe da bayan motar, sai ya sulale gefe. A cire shi da zarar an fita.

Tuƙin kansa ya ginu ne a kan rashin gaggawa. Kamun taya ɗaya ne, kuma abin da aka kashe a birki ba ya nan don kwana, don haka ana gama rage gudu tun motar na miƙe, sannan a juya. A 4H mota takan so ta zarce gaba a kwana. Idan haka ta faru, ƙara murɗa sitiyari ba ya amfani, sai dai a sassauta totur a ɗan warware har tayoyin gaba su sake kamawa. Idan baya ne ya zame, a kalli inda ake son zuwa a juya can, ba tare da fizga ba. Birki mai ABS ana danne shi ne a riƙe, karkarwar da ake ji a ƙafa kuma aikinsa ne, ba lalacewa ba. A gangara, 4H na da wata fa'ida ta gaske: riƙon da inji ke yi idan an sauko giya yana rabuwa ga ƙafa huɗu, alhali a 2H baya kaɗai yake kamawa, yana iya juya motar. Saboda wannan dalili ake kashe birkin salansa na manyan motocin gas a kan santsi, ake kuma kashe na'urar riƙe gudu. Na'urar daidaita mota, wadda Amurka ta wajabta a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, a bar ta a kunne. Lokaci ɗaya da ake kashe na'urar hana tayoyi wulwulawa shi ne idan an kafe ana son lilo gaba da baya.

Dusa mai zurfi tana da iyakar da babu giyar da ke ƙetarewa. Da zarar cikin motar ya hau kan dusa ya danne ta, nauyi ya bar tayoyi, sai su riƙa juyi a sama, kuma ci gaba da taka totur goge ƙasan kawai yake yi ya mai da shi sulɓi. Aikin shebur ne: a kwashe ƙarƙashin mota da gaban kowace taya. Idan wata motar za ta ja, a ƙugiyar da aka yi don haka ake ɗaura igiya, ba a ƙwallon jan tirela ba, domin yakan tsinke ya tashi da ƙarfin da ya sha kashe mutane. Wanda guguwa ta rutsa da shi ya zauna cikin mota, ya tabbata bakin salansa a buɗe yake kafin ya kunna inji don ɗumi, domin hayaƙin da dusa ta toshe ciki yake komawa, kuma gubarsa ba ta da wari. Bargo, tocila, ruwa da tankin da bai sauka ƙasa da rabi ba suna cikin kayan tafiya.

Tsarin kansa yana son motsi. Abin da ya kwana wata takwas ba a taɓa ba, ranar da aka neme shi yakan ƙi amsawa, ko ƙaramin injin lantarkin da ke sauya giyar ya cije, ko bututun iskar da ke kulle ƙafafun gaba ya tsage. Toyota na ba masu motocinta shawarar su yi tafiyar kimanin kilomita 16 a 4H kowane wata don mai ya zagaya, kuma hanyar tsakuwa ta fi dacewa da hakan. Kafin hunturu ana duba man akwatin raba ƙarfi da na aksul biyu, a gwada kowace giya, a auna batir. A tsakiyar hunturu kuma, duk ranar da sanyi ya ɗan lafa, ana wanke ƙarƙashin mota, domin gishirin hanya yana cin bututun birki da ƙarfen shasi, kuma a jihohin da ake watsa shi da yawa tsatsa kan gama da a-kori-kura tun injinta na da sauran ƙarfi.